Barau Bahago da Katakon Ikko

A rumfar nama na fara sanin Barau. A shekarar 1974 na dawo daga karatu a Ingila, aka tura ni koyarwa a Gaya. Duk ranar kasuwar Ajingi nakan hau keke in je gaida iyayena a Gafasa, in biya ta wajen mahauta in yi musu tsaraba. Rumfarsa ce ta ƙarshe a layin. Dogo ne, mai faɗin ƙirji, da hagu yake riƙe wuƙa. Ba ya kiran masu saye kamar sauran mahauta, ba ya kuma ja-in-ja da kowa. In ka taya ya sallama, in ka wuce ba zai bi ka da ido ba. Rigarsa ce ta tsayar da ni, wata koriyar riga mai ratsin fari irin ta 'yan wasa. Ta koɗe, kitse ya rine ta, amma a bayanta ana iya karanta sunan ƙasarmu.

Na tambayi mahaucin da ke kusa da shi inda ya samo ta.

"Ai Barau Bahago ke nan," in ji shi. "Shi ne ya je Ikko."

Ya ci gaba da saran ƙashinsa.

Abin da ke nan na tattaro shi ne a hankali, wani daga bakin Barau, wani daga bakin makaɗinsa Datti, wani kuma daga abin da matarsa Hure ta faɗa wa innata, don maƙwabtan juna ne a da. Damben ƙarshe ne kawai na gani da idona.

A gidan fawa aka haife shi, kuma dambe gadon mahauta ne. In kaka ta yi, gero da dawa suka shiga rumbu, aka kwashe gyaɗa, sai mahauta su riƙa bin garuruwa suna yanka, da la'asar kuma a share fage a yi dambe. Hannu ɗaya ake naɗe wa kara, wato igiyar da ke mai da dunƙule kamar dutse, ɗayan a bar shi a buɗe don kariya. Turmi uku ake yi, wato zagaye uku. Duk wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa, an kashe shi, wasa ya ƙare. Kisa ba abin kunya ba ne a wurinsu. Wanda aka kashe a Gaya yau, shi zai kashe wani a Wudil jibi, su ci tuwo a akushi ɗaya. Abin kunyar ɗaya ne, mutum ya bar fage da ƙafarsa ba a kashe shi ba, ba a kuma raba ba. Wanda ya yi haka sunansa gudajje, kuma sunan ba ya goguwa.

Tun yana saurayi, wajen shekarar samun 'yancin kai, Barau ya fara naɗa kara, kuma har aka shekara goma babu wanda ya kai shi ƙasa. Datti, wanda da kalangunsa ya raka uban Barau fage kafin ya raka ɗan, ya yi masa take mai cewa, "Bahago, ƙasa ba ta san ka ba." Da wannan taken Datti ya yi suna, da shi ya ci abinci. In aka ji shi daga nesa, mata sukan bar surfe su leƙo ta kan danga.

A kakar 1971 wani jami'in wasanni daga Kano ya zo kallon dambe a Gaya. Ya ga yadda Barau ya kwantar da wani ƙato a turmin farko, ya ce ana neman irinsa a damben Turawa, gwamnati za ta ciyar da shi ta koya masa. Barau ya tafi. Ya ce mini abu biyu ne suka ba shi wahala a Kano, takalmi da hannun dama. Bai taɓa faɗa da takalmi a ƙafa ba, hannun damansa kuma bai san wani aiki ba sai tarewa. Mai koyar da su mutumin Kudu ne da ya tashi a Sabon Gari, yana jin Hausa, kowa Koci yake ce masa. Shi ya koya masa cewa in ya kayar da mutum ya koma kusurwa ya tsaya, alƙali ya ƙirga wa na ƙasa. Barau ya ce mini:

"Na ce masa, Koci, wannan ai ya mutu. Ya ce a'a, sai an ƙirga masa goma. Malam, ka ga mutum ya sha ƙasa, ya karkaɗe jiki, ya sake zuwa maka. Sai in sake kashe shi. Wani sai na kashe shi sau uku kafin su yarda."

Wannan ne wuri ɗaya a duk hirarrakinmu da na ga bakinsa ya motsa kamar zai yi murmushi. Ya ɗauki ƙirgan a matsayin wani tausayi da Turawa ke yi wa ragwaye. Ya bi dokar, don an ce ya bi. Bai taɓa zama ya yi tunanin yadda za ta kasance ba in shi ne a ƙasa, don a Kano ma, da sauran garuruwan da aka kai shi gwaji, ba a taɓa kayar da shi ba.

Da haka ya shiga cikin 'yan damben da za su tsaya wa Nijeriya a Wasannin Afirka da aka yi a Ikko a farkon 1973. Aka sa su a jirgin ƙasa, aka ba su riguna iri ɗaya. Na so in ji yadda ya ga taron, ƙasashe masu yawa a fili ɗaya, kowace da tutarta da 'yan wasanta. Na yi ta tambaya. Abin da ya riƙe kaɗan ne. Ya ce garin da gumi, kuma namansu ba ya jin gishiri. Ya ce akwai masu gudu da ke zagaya fili su dawo inda suka taso, mutane na ta ihu. Akwai masu jifa da mashi ba dabba a gabansu.

"Har da masu iyo," in ji shi. "Ƙatti da gemu, a kududdufi."

Ranar damben nasa, an haɗa shi da wani mutumin gabashin Afirka, bai riƙe sunansa ba, bai riƙe sunan ƙasarsa ba. Fagen wani dandamali ne na katako da aka ɗaga sama, aka shimfiɗa masa tamfol, aka kewaye da igiyoyi. A turmin farko Barau ya fasa wa mutumin gira. Da aka kaɗa ƙararrawar hutu, Koci ya matse masa soso a ka yana cewa, "Ka gama da shi, Bahago, saura ka tura shi kawai." Ruwan soson ya gangara ya taru a kusurwar.

A turmi na biyu mutumin ya matso, Barau ya ja da baya don ya sami wurin sakin hagunsa, ya taka jiƙaƙƙen wurin. Takalmin ya zame. Gwiwarsa ta taɓa tamfol, ya miƙe nan take. Babu hannun da ya taɓa shi. Alƙali ko ƙirga bai fara ba, ya yi musu alama su ci gaba. Barau bai ga alamar ba. Ya sauke hannuwansa, ya je ya dafa kafaɗar mutumin kamar yadda ake yi wa wanda ya yi kisa mai kyau, ya sunkuya ta tsakanin igiyoyi, ya sauka daga dandamalin. Mutumin ya tsaya da jini a fuska yana waige-waige. Daga baya aka ɗaga masa hannu.

Na tambaye shi me yake tunani a lokacin.

"Ban yi tunani ba. Gwiwa ta taɓa."

"Amma ka san dokarsu."

"Na sani mana. Ni da na sha tsayawa ina jira a ƙirga wa wani."

"To?"

Ya kori ƙuda daga kan tsoka. "Na sani," ya sake cewa.

Ya ce Koci ya bi shi har ɗakin sa kaya yana magana da Turanci da Hausa da wani yaren, har muryarsa ta dushe, sannan ya zauna ya rufe fuska da tawul. Ba a kore shi ba. Tare suka zo, tare za su koma, don haka ya zauna a benci har aka gama wasannin, yana kallon abokan tafiyarsa suna hawa suna sauka, wasu ana rataya musu lamba ana ɗaga tuta. Babu wanda ya zage shi. Babu kuma wanda ya zauna kusa da shi.

A Ajingi ba a san komai ba. An yi ta kasa kunne a rediyon mai shayi, an ji Nijeriya ta ci lambobi a dambe, ba a ji sunansa ba. Da motar Kano ta sauke shi, Datti ya tare shi da kalangu a bakin kasuwa. Barau ya ɗaga masa hannu.

"Baba Datti, ajiye. An kashe ni."

Hure ta faɗa wa innata cewa kwanakin da suka biyo baya lafiya lau ya yi su. Ya ci tuwo har da ƙari, ya yi barci, ya raba wa yara alewar Ikko, har ya kwaikwaya mata yadda masu iyo ke yi. Ɗan dambe ne da aka kashe bayan shekaru, kamar yadda aka kashe ubansa da kakansa. Ya ma fara maganar kaka mai zuwa.

Datti ne bai iya haɗiyewa ba. Ya riƙa zuwa rumfar yana zama, yana tambaya. Wane hannu mutumin ya kawo? A haɓa ko a kunne? Da ya gane babu hannun da ya sauka, sai ya miƙe kamar an tsikare shi. Ya kai maganar wurin Kabo, tsohon Sarkin Dambe na yankin, wanda shi ke raba turmi a Gaya da Ajingi. Kabo ya sa rana. Aka taru a zaurensa da hantsi, mahautan Ajingi da na Gaya, aka sa Barau ya faɗi yadda aka yi. Ya faɗa ba ragi ba ƙari.

"Tsaya," in ji Kabo. "Wurin nan da ka ce, ƙasa ce?"

"Katako ne, ranka ya daɗe."

"A ƙasa aka shimfiɗa shi?"

"A'a, a sama yake. Sai an taka matakala."

"Kun ji ko!" Datti ya daka tsalle. "Gado ne! Mutum ya durƙusa a kan gado a ce an kashe shi? To duk cikinmu nan gawawwaki ne, har da Sarki, mai mata uku."

Zauren ya ɗauki dariya. Kabo ya jefe shi da ɓawon goro.

"Ranka ya daɗe, gwiwata ta taɓa," in ji Barau.

"Yi shiru, Bahago, ba a tambaye ka ba. Mu muka san dambe tun ba a haife ka ba."

Aka ɗan yi muhawara. Wani ya ce santsi ma kisa ne in dai a fage ne. Wani ya ce a ina aka taɓa jin ruwa ya kashe ɗan dambe, sai ka ce kaza. A ƙarshe Kabo ya yanke. Kisa sai da hannu, sai kuma da ƙasa. A nan babu hannu, babu ƙasa. Ba a kashe Barau ba, takensa yana nan. Datti ya jawo kalangu daga bayansa, don dama da shi ya zo.

A bakin ƙofa akwai Ɗanladi, wani ɗan damben Gaya da Barau ya kashe har sau biyu a baya. Ya bari kiɗan ya ɗan lafa.

"Sarki, a gafarce ni, ni ba ni da ilimi. An ce ba a kashe shi ba."

"Haka na ce."

"An raba su?"

Kabo ya kau da kai, Ɗanladi ya ci gaba.

"To me ya fitar da shi daga fage?"

Waɗanda suke wurin sun ce sai aka shiga kallon juna. Sannan aka yi caa a kan Ɗanladi, wani ya kama wuyan rigarsa, Kabo ya ce a fitar masa da marar kunya daga zaure. Amma Sarki ba ya janye hukunci a gaban jama'a, kuma tambayar ta riga ta fita. Kafin a tashi kasuwar mako mai zuwa ta kai Gaya ta dawo.

Babu wanda ya taɓa kiransa gudajje a gabansa. Ba a buƙata. Mutanen Ajingi, don ƙauna, suka dage cewa ba a kashe shi ba, kuma duk lokacin da suka faɗa sai na Gaya su ce haka ne, mu ma mun yarda. Hure ta ce garin neman gira aka rasa ido. Daga ranar zauren ya daina maganar kaka. Ba ya fushi, ba ya rashin lafiya. Yakan tashi, ya yi salla, ya je mayanka, ya dawo. In ta ajiye abinci ya ci, in ta manta bai tambaya ba. Ɗansu ya fara tafiya a gabansa, ya kalla kamar ɗan maƙwabta ne. Kaka biyu suka wuce bai naɗa kara ba. Datti kuwa har yau bai ga laifin kansa ba. Ya ce mini da alfahari, "Ni na ƙwato masa sunansa, Malam. Da na yi shiru da tuni an binne taken nan."

Wata rana na ce wa Barau, a ganina kuskure ne kawai irin na wanda ya tashi da wata doka aka kai shi wata. Ya ce haka ne. Na ce duk mai hankali zai gane. Ya ce haka ne. Ya naɗe mini naman a takarda. Har na ɗaura a bayan keke sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Mutum dai ya faɗi a gaban mutanensa. Shi ke nan."

A kakar 1975 ya aika wa Kabo cewa zai shiga fage a Gaya, kuma Ɗanladi yake so. Na je. Ban taɓa ganin taro irin wannan a garin ba, har kan katanga da rassan bishiya mutane ne. Datti ya sa sabuwar riga. Da ya saki taken, wasu tsofaffi suka share hawaye.

Ni da na ji maganarsa a rumfa na san abin da ya kawo shi, kuma na ga wahalar abin. Ba zai iya zubewa da kansa ba, don Kabo ya riga ya ce kisa sai da hannu. Dole sai an buge shi, bugu na gaske, wanda kowa zai gani.

Aka sake su. Barau ya tako tsakiyar fage ya tsaya. Hannun karan yana rataye a gefensa. Hannun kariyar, wanda ya kamata ya miƙe a gaban fuskarsa, ya sauke shi zuwa ƙugu. Haɓarsa a buɗe kamar ƙofar masallaci. Ɗanladi ya matso, ya duba, ya ja da baya. Ya zagaya ta dama, ya zagaya ta hagu.

"Kawo mana," in ji Barau. Na kusa da su sun ji.

"Allah ya kiyaye," in ji Ɗanladi. "Wannan dabara ta Ikko ce. Ni za ka yi wa?"

'Yan Gaya suna ihu, "Sake shi! Ga haɓa nan, ɗan banza, sake shi!" 'Yan Ajingi suna dariya suna cewa ya taɓa ya gani. Kabo ya gaji ya raba turmin farko. Na biyu ma haka. Barau har takowa ya yi ya kai masa fuska, Ɗanladi ya yi tsalle baya ya kusa faɗa wa masu kallo. Mutumin da ya sha hagun nan sau biyu ba ya mantawa. A turmi na uku, da zagin mutanensa ya ishe shi, ya rufe ido ya kai wani ɗan duka a kafaɗa, irin wanda ko akuya ba zai tayar ba, ya sake janyewa. Na ga Barau ya dubi kafaɗar, ya dubi ƙasa. Ya tsaya a yadda yake.

Kabo ya shiga tsakani ya ɗaga sanda. "Turmi uku, babu kisa."

'Yan Ajingi suka kwararo cikin fage. Aka ɗaga shi sama, ana cewa ko hannu bai ɗaga ba tsoro ya gama da Gaya. Datti yana gaba yana kiɗa kamar zai fasa fatar. A gefe na ji wani mutumin Gaya yana ce wa abokinsa, "Yau dai ya tsaya har aka raba." Barau yana saman kafaɗun mutane yana kallon wani wuri can bayan rumfuna. Da suka sauke shi ya nemi takalmansa, ya bi motar farko zuwa Ajingi, karan yana hannunsa bai kwance ba.

Bai sake shiga fage ba. Sauran abin da ya faru ran nan daga Hure innata ta ji. Ta ce ya shigo ana shirin kiran magariba, ya zauna a kan turmi a tsakar gida. Ta bar tukunya ta zo ta tsaya a kansa.

"Ka yi kisa?"

"A'a."

"An kashe ka?"

"A'a."

Ta ga igiyar ta ci cikin naman hannun, yatsun sun kumbura. Ta ɗebo ruwan ɗumi a ƙwarya, ta durƙusa, ta ce ya kawo hannun. Ya miƙa mata na dama, wanda babu komai a kansa. Sai da ta ce masa ɗayan.